Idon da Aka Sa wa Firintar Ƙarfe Bai Isa Shaida Shi Kaɗai Ba

Dubban jiragen fasinja da ke yawo a sararin duniya yau suna ɗauke da sassan inji waɗanda ba a sassaƙa su daga dunƙulen ƙarfe ba, ba a kuma zuba su daga tukunyar narki ba. Firintar 3D ce ta gina su daga garin ƙarfe, hawa bisa hawa. A 2021 kamfanin General Electric (GE) ya sanar cewa masana'antarsa ta Auburn a jihar Alabama ta Amurka ta ƙera bakin feshin mai guda 100,000 ta wannan hanya domin injin LEAP, wanda ake sa wa jiragen Boeing 737 MAX da yawancin Airbus A320neo. Abin da a da ake harhaɗawa daga guntaye kusan 20 ya koma abu ɗaya, nauyinsa kuma ya ragu da kashi 25 cikin ɗari. Tun wajen 2007 ake dasa wa marasa lafiya mahaɗin ƙugu na titaniyom da aka gina haka, kuma a 2021 an saka wasu ƙananan maƙalai da aka buga a cibiyar bincike ta Oak Ridge cikin tashar nukiliya ta Browns Ferry, duka a Amurka. Duk wanda ke hawa jirgi ko yake da ɗan'uwa a gadon tiyata, maganar ta shafe shi.

Masu ƙera waɗannan injina sun cika su da kyamarori da na'urorin auna haske da zafi da sauti, suna kallon aikin yana gudana. Daga nan ne wata buƙata ta taso, tana kuma ƙara ƙarfi: tunda na'ura ta ga kowane hawa da idonta, me zai hana a karɓi rahotonta a matsayin shaidar inganci, a huta da binciken bayan ƙira mai cin kuɗi da lokaci? Ni ina cikin masu son a wajabta waɗannan na'urori ga duk wani sashe da karyewarsa za ta iya kashe mutum. Amma ban yarda a ba su matsayin alƙali ba har sai an auna iyakar ganinsu da gwaji, kuma har sai bayanan da suke tarawa sun fita daga hannun mai sayarwa shi kaɗai.

Sai an san yadda aikin yake kafin a gane girman matsalar. A injin da aka fi amfani da shi, wata sanda ce take shimfiɗa garin ƙarfe a kan faranti, kaurin maikiron 30 zuwa 60, wato kusan kaurin silin gashi ko ƙasa da haka. Leza mai ƙarfin wat ɗari biyu zuwa huɗu ko fiye ta bi ta kai tana narka inda zane ya nuna, tana gudun kusan mita ɗaya a daƙiƙa, cikin akwati rufaffe da aka cika da iskar agon don kada ƙarfen ya sha oksijin. Faranti ya ɗan sauka, a sake shimfiɗa gari, a sake narkawa. Abu mai tsayin santimita 30, in kowane hawa maikiron 30 ne, hawa 10,000 ke nan. In leza ɗaya ta yi awa 24 tana aiki ba hutu, ta ja layin walda na fiye da kilomita 80. Ko'ina a tsawon wannan layi aibi na iya shiga, kuma da zarar an shimfiɗa hawa na gaba, an binne shi.

Mai aiki da injin yanka ƙarfe yana sayen ƙarfen da tuni aka narka, aka matse, aka gwada, ya zo da takardarsa. Nasa fitar da siffa ne kawai. A firinta kuwa, ƙarfen da siffarsa tare ake haifarsu, cikin ɗan ƙaramin tafkin narkakken ƙarfe da faɗinsa bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba, wanda kuma yake hucewa da saurin digiri dubu ɗaruruwa har miliyan a daƙiƙa. In zafi ya gaza, hawan sama ba zai kama na ƙasa sosai ba, sai a bar wani kogo shimfiɗaɗɗe mai kaifin baki da gari ɗanye a ciki. Wannan shi ne mafi haɗari, domin daga kaifin bakin nan tsaga take farawa. In zafi ya yi yawa, ƙarfen ya tafasa, tururinsa ya huda rami siriri mai zurfi, ramin ya yi ta rawa har bakinsa ya rufta, ya kulle kumfa a ƙasa. Ga tartsatsin da ke tashi ya faɗa kan garin da ba a kai gare shi ba tukuna. Ga taƙurar da zafi da sanyi ke bari a jikin ƙarfe, wadda kan ɗaga gefen abu har sandar shimfiɗa gari ta yi karo da shi.

Ƙaramin aibi a cikin ƙarfe ba ya gaggawa. A ranar 19 ga Yulin 1989, faifan fankar injin wani jirgin DC-10 na United Airlines ya tarwatse a sama, ya yanke dukkan bututun man da ake sarrafa jirgin da su, jirgin ya faɗi a filin jirgin sama na Sioux City a jihar Iowa. Mutum 296 ne a ciki, 111 suka rasu a hatsarin. Bincike ya gano asalin tsagar a wani ɗan gurɓataccen wuri cikin titaniyom da aka narka tun 1971. Wannan faifai ba firinta ce ta yi shi ba, amma darasinsa namu ne: aibin ya kwanta shekara goma sha takwas yana girma kaɗan-kaɗan da kowane tashi da sauka, an duba faifan an kuskure shi, sannan da masu bincike suka koma neman tarihin ƙarfen sai suka tarar da giɓi a takardun ƙirarsa.

Binciken bayan ƙira, wanda nake cewa kar a yar da shi, shi ma yana da nasa gazawar, kuma ba zan ɓoye ta ba. Dalilin da ya sa ake zuwa ga firinta shi ne a ƙera abin da injin yanka ba zai iya ba: hanyoyin sanyaya masu lanƙwasa a cikin ƙarfe, raga-raga masu rage nauyi. Irin waɗannan wurare ido ba ya kai musu, rinin da ake shafawa don bayyana tsaga ba ya shiga, sautin da ake harbawa cikin ƙarfe kuma ya kan ruɗe saboda kaushin fata da yawan kwana. Hoton CT, wato hoton eksire mai nuna cikin abu, yana gani, amma yana da tsada, yana da jinkiri, kuma in abu ya yi kauri ko an yi shi da haɗin nikel mai nauyi, ƙananan ramuka kan ɓace masa. Akwai kuma sandunan gwaji da ake ginawa a gefen abin a faranti ɗaya, a karya su daga baya don auna ƙarfi. Suna faɗin halin da inji yake ciki a ranar, amma ba su san abin da ya faru a wani lungu na abin da za a sa wa jirgi ba.

Shi ya sa kallon aiki yana gudana yake da daraja; tun ran gini tun ran zane. Kyamara mai ɗaukar hoton faranti bayan kowace shimfiɗa tana kama inda gari bai wadata ba, da inda sanda ta ja layi, da inda gefen abu ya fara ɗagowa. Manhajar Peregrine ta Oak Ridge irin wannan aikin take yi da ƙirƙirarriyar basira, hawa bayan hawa. Wasu na'urorin kuma a hanyar lezar kanta aka dasa su, suna auna hasken da tafkin narki ke fitarwa sau dubun-dubata a daƙiƙa. Kamfanin EOS na Jamus tare da MTU Aero Engines sun fito da kyamarar da ke tattara hasken zafi na kowane hawa ta mai da shi taswira. A Suwizalan, masu bincike a cibiyar Empa da jami'ar EPFL sun nuna cewa ƙarar da narkin ke yi ma tana bambanta tsakanin aiki mai kyau da mai ramuka. Ginin da zai ɗauki kwana biyar, in aka gane a rana ta farko cewa ya lalace, an tsira da gari mai tsada da lokacin inji. Wannan kaɗai ya isa ya biya kuɗin na'urorin, kuma babu mai jayayya a kai.

Jayayyar tana inda aka tsallaka daga "na'ura ta ga wani abu ba daidai ba" zuwa "na'ura ba ta ga komai ba, don haka babu aibi". Tsakanin waɗannan jimloli biyu akwai rata mai faɗi.

Kyamara saman tafkin narki take gani, kumfa kuwa a ƙasa take kulluwa. Abin da na'urar ke aunawa haske ne, kuma mayar da haske zuwa digirin zafi aiki ne mai wuya, saboda gari da narkakken ƙarfe da daskararre kowanne da yadda yake fitar da haskensa, ga hayaƙi yana tsakiya, ga gilashin da ke kare madubin yana yin dauɗa a hankali cikin kwanakin gini. Sannan akwai wani abin da ke rikita lissafi: lezar ba hawan da ke sama kaɗai take narkawa ba, tana ratsawa ta sake narka hawa biyu ko uku na ƙasa. Ramin da aka yi a hawa na 500 yana iya warkewa a na 501. Don haka na'ura kan yi ihu a kan aibin da daga baya babu shi, ta kuma yi shiru a kan wanda yake nan. Injinan yanzu sun ƙara wa lamarin sarƙaƙiya. Akwai mai leza 12 suna aiki a faranti ɗaya, hayaƙin wannan yana shiga hanyar waccan.

Akwai kuma abin da na'urar ba a yi ta don ganinsa ba ko kaɗan. A 2023 kamfanin Pratt & Whitney ya sanar da cewa wani gurɓaci a garin ƙarfen da aka ƙera wasu faya-fayan injinansa da shi tsakanin 2015 da 2021 zai tilasta a sauke injina ɗaruruwa a duba, jirage da yawa suka zauna a ƙasa. Ba ta firinta aka yi faya-fayan ba, matsa garin aka yi da zafi, amma abin da ya nuna ya shafi duk mai aiki da garin ƙarfe: in matsala ta shigo tare da garin, tafkin narki na iya haskakawa lafiya lau alhali ɓarna ta riga ta shiga.

Masu bincike suna ƙoƙari, kuma sakamakonsu abin farin ciki ne. A cibiyar Argonne kusa da Chicago akwai injin eksire mai ƙarfin da zai iya ɗaukar hoton cikin ƙarfe yayin da leza ke narka shi. Da shi ne masana daga Jami'ar Carnegie Mellon da Argonne suka nuna a 2019 cewa ramin tururin nan yana samuwa a kusan duk ƙarfi da gudun da ake aiki da su, ba sai an wuce gona da iri ba. A watan Janairun 2023 kuma tawagar Tao Sun ta Jami'ar Virginia ta wallafa a mujallar Science cewa sun haɗa hoton eksire da kyamarar zafi, suka koya wa kwamfuta gane rawar da ramin ke yi kafin ya kulle kumfa, ta riƙa kamawa kusan ba kuskure. Ina ganin wannan shi ne tafarkin daidai, domin sun sami gaskiyar abin da ke ƙasa suka auna idon sama da ita. Sai dai aibi iri ɗaya ne, a haɗin titaniyom iri ɗaya, cikin yanayin da masana suka tsara. Tsakanin wannan da masana'antar da ke buga sassa iri-iri dare da rana da injina masu shekaru daban-daban, da sauran tafiya.

Ma'aunin da nake nema ba sabon abu ba ne. A harkar jiragen sama, kafin a dogara da wata hanyar bincike, sai an nuna da gwaji girman aibin da take kamawa sau 90 cikin 100, da tabbacin lissafi na kashi 95. Injiniya ya ɗauki wannan girman ya ce: duk abin da bai kai haka ba ina ɗauka yana nan a ɓoye, ya lissafa tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya girma ya zama haɗari, ya tsara lokutan dubawa. Abin da ya kamata a yi wa na'urorin cikin firinta ke nan. A dasa aibi da gangan a wuraren da aka sani, a bar na'ura ta yi hukuncinta ba tare da an nuna mata amsa ba, a yanka abin ko a ɗauki hotonsa, a ƙirga nawa ta kama, nawa ta kuskure, nawa ta ƙirƙira. A maimaita ga kowane irin ƙarfe da kowane samfurin inji, a sake bayan an sauya madubi ko an sabunta manhaja. Ƙa'idar da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fitar a 2021 kan sassan da aka gina ta wannan hanya ba ta ɗage wa sassa masu haɗari binciken bayan ƙira ba, kuma ina tare da ita a nan.

Za a ce mini wannan tsauri zai danne ƙananan masana'antu, ya jinkirta fasahar da ke rage nauyin jirgi da shan mai, ya kuma tsauwala wa majinyaci kuɗin dashe. Ƙorafin yana da gaskiya a ciki. Ba kowane abu ne ke buƙatar hoton CT ba. Marikin waya a ɗakin fasinja ko kayan aikin da ake riƙe abu da shi a masana'anta, rahoton na'ura ya wadatar musu. Ko a sassa masu haɗari, taswirar na'ura tana iya nuna wa mai bincike inda zai fi zuba ido, kuma in shekaru suka tara hujja cewa hukuncinta da na CT suna dacewa, a rage yawan waɗanda ake ɗauka hoto sannu a hankali. Abin da na ƙi shi ne a fara da ragewar, a bar hujja ta biyo baya.

Batun da ya fi damuna, wanda kuma ba a cika tattauna shi ba, shi ne wa ke riƙe da bayanan. Gini ɗaya na iya tara bayanan da suka cika faifan kwamfuta, don haka abin da yawanci ake nuna wa mai saye taƙaitawa ce: taswira mai launi, kore a nan, ja a can. Wa ya zaɓi inda kore ya ƙare ja ya fara? Manhaja ce ta mai ƙera injin, wadda sau da yawa a rufe take, ko kuma ma'aikacin masana'antar da za ta yi asara in ja ya yi yawa. Ɗan sassauta iyaka kaɗan, faranti duka ya koma kore, ba tare da an taɓa ko ƙwayar gari ɗaya ba. A watan Oktoban 2017 kamfanin Kobe Steel na Japan ya amsa cewa ma'aikatansa sun daɗe suna sauya alƙaluman gwajin alminiyom da tagulla, kayan kuma sun shiga hannun kamfanoni ɗaruruwa, har da masu ƙera motoci da jirage. Rahoton da ya fito daga kwamfuta bai fi ƙarfin irin wannan ba. Ƙila ma ya fi sauƙin gyarawa, ya kuma fi saurin shiga rai saboda kyan launinsa.

Don haka a kulle ɗanyen bayanai da hatimin dijital a daidai lokacin da ake tara su, a rubuta iyakokin da aka yi hukunci da su da sunan wanda ya amince da su, mai saye ya sami kwafinsa, hukuma kuma ta iya nema ta karanta. A ajiye su cikin tsarin da kowace manhaja za ta iya buɗewa. Sashen inji yakan yi shekara 20 ko 30 yana tashi, mahaɗin ƙugu yakan zauna a jikin mutum har ƙarshen rayuwarsa, kamfanonin firinta kuwa ba sa zama wuri ɗaya: GE ta sayi Arcam da Concept Laser a 2016, Nikon ta sayi SLM Solutions a 2023. Mai binciken hatsari na shekara 25 nan gaba bai kamata ya tsaya neman manhajar da ta daɗe da mutuwa ba kafin ya san abin da ya faru a hawa na 6,000.

Buƙatar tana ƙara tsanani saboda injinan sun fara gyara kansu. A 2023 EOS ta fito da tsarin Smart Fusion, wanda ke duba taswirar zafi ya rage ko ya ƙara ƙarfin leza yayin gini. Dabara ce mai kyau, amma tana rushe ginshiƙin da tantancewa ta daɗe tana tsaye a kai, wato a tsayar da ma'aunin aiki wuri ɗaya, a gwada, kada a sake taɓawa. In inji yana sauya ma'auninsa da kansa, abu biyu masu zane ɗaya ba lallai su sha zafi iri ɗaya ba, kuma rahoton na'ura ya zama shi kaɗai ne tarihin abin da aka yi wa kowanne.

Kada kuma a manta da mutumin da ke tsaye gaban inji. In ƙararrawa ta yi ta bugawa a kan abin da ba komai ba, zai saba da danne ta, ranar da ta gaskiya ta zo ya danne ta tare da sauran. Yawan ihun ƙarya ma aibi ne da ya kamata a ƙirga wa na'ura. Kuma ma'aikacin da ya ga dalili ya tsayar da ginin kwana huɗu ya kamata ƙa'ida ta kare shi daga fushin manaja, wanda ya ce a ci gaba kuma a rubuta sunansa da hujjarsa.

Kwamitin F42 na ASTM, ƙungiyar tsara ma'aunan inganci, yana rubuta ƙa'idojin wannan fanni tun 2009, hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, kuma tun 2018 take shirya gwaje-gwajen AM-Bench inda ake fitar da ma'aunai a fili kowa ya gwada lissafinsa da su. Abin da ya yi ƙaranci shi ne bayanan ginin da ya lalace, domin kowace masana'anta tana ɓoye nata, alhali da su ne kaɗai za a koya wa na'ura kamannin aibi na gaske a kuma auna ta. Hukumomin jiragen sama da na magunguna suna da ikon da za su sa wannan ya zama sharaɗi: duk wanda ke neman a rage masa binciken bayan ƙira bisa hujjar na'urorinsa, ya fara miƙa bayanan sassan da aka yar, tare da hotunan CT ɗinsu, ga rumbun da masu bincike masu zaman kansu za su iya dubawa.